Baba Direba a Gaban Aji

Yara suna kiranta Malama Wa-Ya-Gani. Ta san da sunan, kuma ba ta jin haushinsa, don ita ta jawo wa kanta. Tarihi take koyarwa a ƙaramar sakandare, kuma duk abin da ɗalibi ya faɗa sai ta ɗaga gira ta ce, "Wa ya gani?"

A wannan zangon tarihin jiharsu suke yi, yadda aka yanke ta daga tsohuwar jiha aka kwaso ofisoshi zuwa sabon babban birni. Ta ƙi yarda su tsaya ga littafin aji kaɗai. Ta kawo musu tsohuwar jarida da gefenta ya fara marmashewa, da taswirar da aka ja sabuwar iyaka a kanta da jan biro, da hoton manyan motoci a jere cike da kujeru da tebura. Ta koya musu yadda ake titsiye shaida: yana wurin kuwa? A ina ya tsaya? Da idonsa ya gani ko ji ya yi? Wa kuma ya gani? Yaran suka ɗauki abin da zafi, har mai gadin makaranta ya kawo ƙara wai ya ce musu an yi ruwa jiya sun nemi ya kawo hujja.

Abin da ya rage shi ne shaida mai rai, wanda ya ga ranar ƙaura da idonsa. Nan fa ta yi suɓutar baki ta faɗi haka a gida, a gaban mahaifinta.

Baba Direba, kamar yadda duk unguwa ke kiransa, ya ajiye kofin shayinsa a hankali.

"Wato ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan," in ji shi. "Kina neman shaida a gari, ga wanda ya tuƙa motar farko zaune yana kallonki?"

Gaskiya ne ya tuƙa ɗaya daga cikin motocin, wannan ba ta ko tantama. Matsalar ita ce labarin Baba ba ya tsayawa wuri ɗaya, girma yake kamar ɗan yaye. Lokacin da take ƙarama, ruwan kogin da suka ƙetare a taya ya tsaya. Da ta shiga jami'a ya hau ƙofa. Yanzu kuwa har kifaye ke leƙensa ta taga. Gwamna ma haka: da can ɗaga hannu ya yi, daga baya suka gaisa, a bara har ya tambayi lafiyar iyali.

A gida ana jin labarin ana murmushi, a wuce wurin. Amma ajinta ba gida ba ne. Akwai wata yarinya a layin gaba da ake kira Lauya, ƙarama ce siririya, sai dai idan ta kama zance ba ta saki. Malama ta hango mahaifinta da furfurarsa a gaban allo, yara suna ƙyalƙyala masa dariya, kuma ita ce ta wasa musu wuƙar. Tsoron wannan ya hana ta sakat.

"Baba," ta ce da safiyar ranar da zai je ajin, tana miƙa masa rigar da ta goge, "don Allah a ɗan rage gishiri."

"Wane gishiri kuma? Ni da likita ya hana ni tuntuni?"

Ya ɗauko tsohuwar hularsa ta direbobin gwamnati, mai baki a gaba, ya karkaɗe ta ya kafa. Ta ga yadda yake ta gyara zamanta a madubi, sai ta ƙyale shi.

A makaranta ta shiga aji kafin shi. Ta so ta ce wa yaran su sassauta, amma ta san in ta faɗi haka ta rushe aikin zango guda da bakinta. Sai ta ce kawai, "Baƙonmu dattijo ne, kuma mahaifina ne. A yi tambaya da ladabi."

Lauya ta ɗaga hannu. "Malama, ladabin zai hana a tambayi wa ya gani?"

"Ba zai hana ba," in ji Malama, kamar mai haɗiye magani.

Baba Direba ya shigo, aji ya miƙe ya gaishe shi. Ya ƙi kujerar da aka ajiye masa, ya ɗosana a gefen teburin Malama, ya ɗaga hannu biyu ya kama sitiyarin da babu shi. Kai, ya iya labari! Ya yi ƙarar inji da baki, ya sa giya, ya taka burki har 'yan layin gaba suka riƙe benci. Da ya iso kogi, ruwa ya hau taga, kifaye suka zo gaisuwa, daga nan gwamna ma ya miƙa masa hannu. Malama ta koma bayan aji ta jingina da bango tana addu'a a zuci.

Lauya ta miƙe. "Baba, don Allah injin motar yana sama da taga ne ko ƙasa?"

"Ƙasa mana."

"To ya aka yi bai mutu a cikin ruwan ba?"

Baba ya dube ta sama da ƙasa, sannan ya fashe da dariya.

"Wannan 'yar wace ce? To na ji, a sauke ruwan zuwa ƙofa."

"Baba, ƙofar ma ai..."

"Haba 'yar nan, ciniki ake yi! To taya. Rabin taya, daga nan ba ragi."

Aka yi dariya, shi ma yana yi. Malama ta ɗan saki numfashi. Amma Lauya ba ta zauna ba. Ta koma kan gwamna: ina ya tsaya, ina Baba ya tsaya? Baba ya ce tsakaninsu kamar daga nan zuwa ƙofar makaranta. To hannun gwamnan ya kai can? Wasu daga baya suka fara ƙunshe dariya, irin wadda ba tare da mutum ake yin ta ba.

"Ya dai ɗago hannu," in ji Baba. "Jama'a na da yawa, amma wajena yake kallo."

Muryarsa ta ragu. Ya cire hular ya riƙe ta a cinya yana murza bakinta. Malama ta san wannan murzar, ita yake yi a layin asibiti idan an tsallake sunansa. Tausayi ya kama ta, ta ɗaga ƙafa za ta ce lokaci ya ƙare, ko da bai ƙare ba.

Lauya ta riga ta. Yarinyar ba mugunta gare ta ba, layin tambayoyin da aka koya mata take bi, kuma saura ɗaya.

"Baba, wa kuma ya gani? Akwai wani a gaban motar tare da kai?"

Ya dubi hular.

"Akwai," ya ce. "Matata."

Malama ta tsaya cak. Mahaifiyarta ta rasu tun ba ta iya riƙe kamannin fuska ba, kuma a duk shekarun da ta yi tana jin labarin nan, Baba shi kaɗai ne a motar.

"Mu ma ƙaura muka yi ranar," ya ci gaba, yanzu ba sitiyari ba ƙarar inji. "Tukwanenmu da katifa suna baya, an cusa su a ƙarƙashin teburan gwamnati. Sai aka ba ni wani agogon bango na ofis, babba mai gilashi, aka ce in ya fashe in nemi wani aikin. Hanya kuwa duk ramuka. Ita ta rungume shi a cinya tun daga farko har ƙarshe, tana yi mini faɗa duk ramin da na faɗa. Ga kuma jaririya a ɗaya hannun."

"Jaririya?" in ji aji baki ɗaya.

Ya nuna bayan aji da haɓa. "Ga ta can ta jingina da bango."

Wayyo, ajin ya kacame! Wani ya hau benci yana ihu, "Malama ma shaida ce!" Lauya ta juyo da gaske ta ce, "Malama, me kika gani?"

"Ba ta ga komai ba, ihu ta yi ta tsalawa," in ji Baba, dariyarsa ta dawo. "Har na ce ko a mayar da ita baya wajen tukwane. Sai uwar ta kara mata agogon a kunne. Tana jin ƙas-ƙas ɗin nan ta yi shiru. In an janye shi ta fashe da kuka, in an mayar ta yi barci. Haka muka shiga sabuwar jiha. Wannan kam ki rubuta, 'yar nan, ba ragi a ciki."

Lauya ta sunkuya ta rubuta. Aka kaɗa ƙararrawa, yara suka yanyame shi, kowa na son gwada hular. Sai da Malama ta kore su da ƙyar.

Suka rage su biyu a ajin. Ta tattara jarida da taswira tana jin daɗi haɗe da wani ciwo da ba ta san tana ɗauke da shi ba.

"Baba, me ya sa ba ka taɓa faɗa mini ba?"

Ya mayar da hular kansa, ya daɗe yana gyara ta.

"Na gwamna ya fi sauƙin faɗa," ya ce.

Ta ajiye takardun. Ta je ta zauna a bencin Lauya, gwiwoyinta na tokarar teburin yara, ta dube shi.

"To faɗa mini. Da ka faɗa ramin farko, me ta ce?"