Barka da Shekarar Tokuji

Tun watan Nuwamba Hatsue ta raba wa dangi da abokan arziki katin makoki, bisa al'adar ƙasarsu, don kowa ya san bana gidansu, gidan Kamata, ba ya yin gaisuwar sabuwar shekara, ba ya kuma karɓa. Mijinta Tokuji ya rasu a ƙarshen zafi. Ya bar mata kwatarniyoyin jajayen kifin ado cike da bayan gida, da shafin intanet na ƙungiyar masu kiwonsu. Duk wata yakan tura wa 'yan ƙungiya wasiƙar labarai ta imel, washegari kuma ya zauna ya karanta mata ita da baki lokacin karin kumallo. In ta ce ta riga ta karanta a wayarta, sai ya ce to, ta ƙara ji.

Ƙaninsa Shinji ne ya gaji aikin, mutumin da ko takalmin wanka zai saya sai ya zaga kantuna. Ya yi ta auna manhajojin tura wasiƙa, wannan rubutunta ƙanana ne ga idon tsofaffi, waccan sai wanda ya iya Turanci, da ƙyar dai ya tsayar da ɗaya. Ana saura kwanaki kaɗan shekara ta ƙare ya zo da hantsi don kwashe adireshin mutane daga kwamfutar marigayi.

A cikin tsohuwar manhajar ya ci karo da abin. Tokuji ya rubuta gaisuwar sabuwar shekara tun yana asibiti, ya saita ta ta tafi da kanta ran ɗaya ga wata da bakwai na safe.

"Yaya, wannan sai dai a goge," in ji Shinji. "Mamaci ya yi wa jama'a barka da shekara? Ai tsohuwar nan ta ƙungiya, Uematsu, faɗuwa za ta yi a kan tabarma."

"Kada ka buɗe ta."

Ya ce ai ga ta nan, ta karanta yanzu a huta. Ta ƙi. Ba leƙawa take so ta yi ba, so take wayarta ta yi ƙara da safe ta ga sunan mijinta ya shigo, ko da sau ɗaya. Ta ce ya kwashe mutanensa ya kai sabon wurin, ya bar sunanta shi kaɗai. Shinji ya yi ta ƙunƙuni cewa gidan makoki ba ya karɓar barka, amma ya yi. Sunan nata a jerin ya ɗan dushe ba kamar sauran ba, su biyun kuwa ba wanda ya sa gilashinsa.

Ran sabuwar shekara ba ta yi girkin biki ba. Ta kunna turare gaban hoton Tokuji, ta leƙa kifayen da suka lafe a ƙasan ruwa saboda sanyi, ta haɗa shayi, ta ajiye waya a kan tebur. Bakwai ta yi, ta wuce. Tallar kantin magani ce kawai ta shigo.

Da shayin ya huce ta buɗe kwamfutar. Manhajar ta rubuta cewa ba a tura wa kowa ba, domin mai adireshi ɗayan da ya rage ta cire kanta da kanta. Ga kwanan wata a gefe.

Nan ta tuna. Bazarar da ita da Tokuji suka shirya zuwa wankan ruwan zafi a garin Kinosaki ce, ya fasa ana gobe tafiya wai kifayensa sun fara zuba ƙwai. Da safe wasiƙarsa ta shigo, yana zaune gabanta yana cin shinkafa, ta danna wurin cire suna don haushi. Ta ɗauka abu ne tsakaninta da wayarta. Haushin ya wuce cikin mako guda, ita kuma ta manta, sai ƙaryar "na riga na karanta" da ta zame mata jiki.

Ta kira Shinji. Ya ce kada ta damu, abu mai sauƙi ne, zai kwafo rubutun ya turo mata daga sabuwar manhajar yanzun nan. Ta ce ya bari, wannan daga shi zai fito, ba daga yayansa ba.

"Shinji, in mutum ya cire sunansa, mai turawa yana sani?"

"Nan take, Yaya. Har da suna."

Ta ajiye wayar. Sai yanzu ta lura cewa kafin waccan bazarar Tokuji bai taɓa karanta mata wasiƙar da baki ba. Kuka ya ƙwace mata, irin wanda ba ta yi ba ko ranar da aka ƙona gawarsa. Gaisuwar tana nan a kwamfuta, dannawa ɗaya za ta buɗe. Ta juya fuskar kwamfutar wajen kujerar da yake zama ya karanta mata, ta zauna a tata.