Gurbin da Aka Tsallake

Mai Hoto mutum ne da ko ruwa ka miƙa masa sai ya ɗaga kofin ya leƙa gindi. Mutum ɗaya tak ya taɓa yarda da shi har ya damƙa masa makullin shago: Dogo, ɗan ƙanwarsa, wanda ya rena tun yana rarrafe. Yanzu Dogo magidanci ne, haɗa kwamfuta ce sana'arsa, kuma shi ya haɗa wa kawun sabuwa don aikin bidiyo.

Akwatin kwamfutar na da gilashi a gefe, ana ganin kayan ciki, to nan tsiyar ta ɓullo. Tela, maƙwabcin shago, wanda bakinsa ya fi almakashinsa kaifi, ya shigo cajin waya ya leƙa.

"Waɗannan sanduna biyun fa?"

"Memori ke nan, inda injin ke riƙe aikin da yake yi," in ji Mai Hoto. "Dogo ya ce gara ƙanana biyu da babba ɗaya."

"Gurbi huɗu, sanda biyu, ga giɓi a tsakani kamar bakin tsohuwa." Tela ya taɓe baki. "Ni dai in na ga riga da maɓallai tsallake-tsallake, na san wasu sun shiga aljihu. Amma fa ban ce komai ba."

Ai kuwa ya gama cewa. Mai Hoto ya wuni yana hararar gilashin. Dogo ne ya sayo kayan, shi ya kwance kwalaye, shi ya zubar da su. Kuma don me ranar haɗin ya ce, "Kawu, je ka sha iska"? Da zargi ya ishe shi sai ya ɗauko sukundireba, ya zare sandunan, ya haska guraben da tocila ko zai ga alamar an cire wani abu. Bai ga komai ba. Ya mayar da su kafaɗa da kafaɗa, a ganinsa ya ma gyara aiki.

Kwamfuta ta tashi lafiya, sai dai bidiyo ya fara tafiya yana ɗingishi. Mai Hoto ya ji wani mugun daɗi: ga ɓoyayyen aibu ya fito. Ya kira Dogo, Tela kuma ya kawo kansa ba gayya.

"Kayan da ka sa min cikakku ne?" in ji Mai Hoto.

Dogo ya dubi gilashin.

"Kawu, wa ya buɗe?"

"Ni ke tambaya."

Dogo ya kashe wuta, ya tsuguna ya kwance murfin. "Guraben nan huɗu, hanya biyu ce zuwa ƙwaƙwalwar injin. Biyun farko hanya ɗaya, biyun ƙarshe wata. In ka jera sandunan gefe da gefe, ka tura su ƙofa ɗaya suna turereniya. Shi ya sa ake tsallake gurbi, kowace ta samu ƙofarta. Dalilin sayen biyu ke nan maimakon ɗaya, dama ba huɗu aka saya ba."

Ya danna ɗaya a gurbi na biyu, ɗaya a na huɗu, kowace ta ce ƙas. Ya kunna. Bidiyo ya miƙe sumul, ko tuntuɓe babu. Tela ya tuna ya bar dutsen guga a kan yadi, ya sulale.

"Wato dai dubawa na yi," in ji Mai Hoto, kunya ta rufe shi.

"Da ni ka tambaya, Kawu."

Dogo ya ɗaure murfin, ya goge shatin yatsu daga gilashin da gefen rigarsa. Sannan ya zare makullin shagon daga cikin nasa ya ɗora a kan akwatin.

"Ajiye wannan, kada wata rana wani abu ya ɓace in rasa bakin magana."

Ya russuna ya yi sallama kamar kullum, abin da ya fi yi wa Mai Hoto ciwo ke nan.

Tun daga ranar, kowace safiya Mai Hoto kan kunna kwamfutar ya zuba mata ido, yana fatan ta yi ɗingishi ko sau ɗaya, ya samu hujjar kiran ɗan ƙanwarsa. Amma Dogo ya iya aiki.