Ranar da Hezekiya Ya Sake Fentin Gidan Pinki

Ejiofor mai fenti bai gama jan layi na biyu a jikin katangar ba, sai ga Kulu mai masa ta tsallako titi a guje, cokalin juya masa a hannunta.

"Baba Pinki! Me nake gani haka? Lafiya kuwa?"

Mai gidan, Hezekiya Gyang, yana zaune a kujerar roba a ƙofar gida, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya kamar wanda ya zo duba aikin gwamnati.

"Lafiya ƙalau. Fenti nake sakewa. Kuma sunana Hezekiya."

Shekara goma sha shida ke nan gidan nan yana tsaye a Tudun Wada da launin ruwan hoda, irin mai ƙarfin nan da ake hangowa tun daga kan kwana. Layin ba shi da sunan da kowa ya riƙe, gidajen ba lamba, sai gidan Hezekiya ya zama adireshin kowa. Mai kemis yana daura da Gidan Pinki, coci yana bayansa, masallaci kuwa in ka wuce shi kaɗan ka yi hagu. Masu keke napep ma suka mai da ƙofarsa tasha. Duk wannan da sauƙi. Abin da ya ci masa rai shi ne sunan ya sauko daga jikin bango ya hau kansa. Mutum ya yi shekara talatin da biyar a ma'aikatar gona, ya yi ritaya da mutuncinsa, amma yaro da babba sai Baba Pinki. Ranar Lahadin da ta wuce, sabon fasto ya tsaya gaban jama'a ya ce Dattijo Pinki ya rufe musu taro da addu'a. Hezekiya ya yi addu'ar, amma Allah ne kaɗai ya san abin da ke ransa. Washegari ya tafi ya sayo shuɗin fenti.

"To ni yaya zan yi?" in ji Kulu. "Masu sayen masata a waya suke kira, in ce su zo gefen Gidan Pinki. Yanzu gefen me zan ce?"

"Ki ce gefen gidan Hezekiya."

"Wa ya san shi?"

Ta faɗi haka ne da zuciya ɗaya, shi ya sa ta fi zafi. Hezekiya ya sauke ƙafarsa, ya ce wa Ejiofor ya ƙara sauri.

Kafin hantsi an taru kamar ana rabon taki. Malam Usumanu, dillalin shanu, maƙwabcinsa na baya, ya iso yana fifita da wani kati mai ruwan zinariya.

"Maƙwabci, ka san ranar Asabar ne ɗaurin auren 'yata Murjanatu? Karanta nan." Ya kai katin har hancin Hezekiya. A ƙasa an rubuta: Bayan Gidan Pinki, Tudun Wada. "An raba har Bauci da Lafiya. Ka bari a yi biki mana, in ya so ka shafa masa ko baƙin mai ne."

"Malam Usumanu, shekara goma sha shida ina jira. Kullum akwai bikin wani ranar Asabar."

"To amma shuɗi? Ni shanun da na sayar nake shafa wa shuɗi a gadon baya. Duk wanda ya gani zai ce ka sayar da gidan."

Kulu ta ce ita kuwa bular wanki yake tuna mata, kullum ta ɗaga kai za ta ji kamar ta bar kaya a jiƙe. Mai kemis ya ce launin asibiti ne, shi bai ƙi ba. Wani mai wucewa da ba wanda ya san shi ya tsaya, ya ba da shawarar a yi kore, ya ƙara gaba.

Ejiofor ya leƙo daga kan tsani. "Oga, in tsaya ne ko in ci gaba? Mutane ɗin nan yana da yawa fa."

"Su suka ɗauke ka aiki? Shafa!"

Ana cikin haka Firisila, matar gidan, ta sauko daga keke da kwandon cefane. Ta dubi katangar da ta zama rabi shuɗi rabi ruwan hoda, ta dubi taron, sannan ta dubi mijinta.

"Maman Yael, gaya musu," in ji Hezekiya. "Ni na taɓa zaɓen launin nan? Ba mai fentin farko ne ya cuce ni ba?"

Firisila ta ajiye kwandon a hankali.

"Baban Yael, bawan Allah nan ya daɗe da barin garin nan, ka bar shi ya huta. Ja ka sayo. Ka ga ba zai isa ba, ka hana a ƙaro, ka tuttula masa farin da ya ragu daga silin. Ina tsaye da cikin autarmu Hosana, ni na miƙo maka sandar da ka juya."

Aka kwashe da dariya, Malam Usumanu har da riƙe hula. Hezekiya ya ji kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa, don ya yi shekaru yana ba da labarin mugun mai fentin nan, har ya fara yarda da shi.

Firisila ta matsa kusa da katangar, ta ƙura wa sabon fentin ido. Shuɗi ne mai duhu, da ɗan kore-kore a cikinsa.

"Wannan kuma na mene ne? Ka ce mini fari za ka yi."

Har Ejiofor ya daina shafawa. Hezekiya ya ɗaga kai ya dubi katangar.

"Kududdufin haƙar kuza na bayan ƙauyenmu," ya ce. "Haka ruwansa yake da safe. Babana yana haƙa a gefe, ni ina zaune kan tudu ina tsaron abincinsa. In ya tashi aiki sai ya wanke laka, ya ɗora ni a wuya mu shiga. Shago huɗu na shiga kafin in sami irinsa." Ya gyara murya. "Na tsufa, Maman Yael. Ina so in riƙa dawowa gida ina ganinsa."

Ba wanda ya yi dariya wannan karon. Tausayinsa ya kama Firisila, ita da ta yi shekara arba'in da shi ba ta taɓa jin zancen kududdufin nan ba. Ta ɗauki kwandonta, ta juya wajen taron.

"To kun ji. Kowa ya je ya nemi adireshinsa. Malam Usumanu, baƙin biki ƙamshin shinkafa suke bi, ba katanga ba. Kulu, masarki na ƙonewa."

Kulu ta yi salati ta ruga.

Da la'asar aiki ya zo ƙarshe, saura wani yanki kusa da ƙofa, faɗinsa bai fi tabarma ba. Ejiofor ya kifa bokiti, ya buga gindinsa.

"Oga, fenti ya ƙare. Pinki ɗin nan yana da taurin kai, sai na shafa sau uku kafin ya ɓoye."

Hezekiya ya leƙa bokitin, akwai ɗan saura a ƙasa. Idonsa ya zarce kan galan ɗin farin fenti da aka yi tagogi da shi. Ya daɗe yana kallonsa. Firisila ta fito daga cikin gida, ta ɗauki galan ɗin, ta shige da shi ɗaki, aka ji ƙarar makulli.

Haka dole ya shiga gari ya sayo ƙaramin gwangwani. Da zai dawo ya tsayar da keke, ya zauna kusa da wata mata mai buhun dankali.

"Baba, ina za ka?" in ji mai keken.

"Tudun Wada. Shuɗin gida."

"Wane shuɗin gida?"

"In ka wuce kwana, akwai mai kemis. Daura da shi."

"Kemis ai sun fi goma, Baba."

"Akwai mai masa a gefe. Akwai coci a baya."

"Baba, duk Jos ne ka faɗa."

Hezekiya ya rungume gwangwaninsa, ya dage. Ya kwatanta falwaya, ya kwatanta kwalbati, ya kwatanta bishiyar mangwaron da aka sare bara. Sunan nan dai ya ƙi fita daga bakinsa. Mai dankali ta gaji.

"Kai, Tsohon Pinki yake nufi."

"Au! Tsohon Pinki! Ai sai ka faɗa, Baba. Tun azahar da aka sake fentin muke kiran wurin haka in za mu sauke mutane a can. An ce mai gidan ne kansa ya ɗan taɓu."

"Haka aka ce?"

"Wallahi. Wai ruwa yake gani a bango."

Hezekiya ya ƙara ƙanƙame gwangwaninsa har suka iso.

Ejiofor ya shafe yankin da ya rage, ya sauke tsani, ya wanke hannu ya tafi. Hezekiya ya tsallaka titi, ya tsaya kusa da tandar Kulu don ya ga gidan daga nesa. Rana ta yi sanyi, haskenta ya kwanta a jikin katangar. Launin ya fito daidai, ba ƙari ba ragi, har ya ji kamar in ya matsa zai ji sanyin ruwan a ƙafarsa. Daɗi ya cika shi, idonsa ya kawo ƙwalla, bai ma damu ya share ba.

Wani keke ya ci birki a ƙofar gidan.

"Tsohon Pinki! Akwai mai sauka?"

Wata tsohuwa 'yar cocinsu ta sauko da ƙyar, ta gyara zani, ta daɗe tana kallon katangar. Sannan ta hango shi.

"Kai, ya yi kyau! Ina wuni, Baba Pinki?"

"Lafiya lau, Mama," in ji Hezekiya, idonsa na kan ruwan. "Ya gajiya?"