Likkafanin Hajjo

Shekarar da auduga ta yi albarka a ƙasar Malumfashi, Isyaku ya sayar da tasa ya biya kujerar Makka ta jirgin sama. Mahaifiyarsa Hajjo, wadda tsufa ya ci ƙarfinta, abu guda ta roƙa: ya sayo mata likkafani, ya wanke shi da ruwan zamzam.

Ya sayo, ya wanke da hannunsa, ya shanya, ya ninke a ƙasan akwatinsa na ƙarfe. A Jidda ma'aikatan jirgi suka karɓi akwatin suka auna. A Kano aka miƙo masa abinsa, kwaɗo na nan daram, ya yi hamdala ya hau mota.

Sai a gida, gaban Hajjo da 'yan barka da zuwa, ya sa mabuɗi. Murfin ya zame ya faɗi ƙasa. Ashe ta baya aka ɓanɓare shi. Babu darduma, babu turare, babu likkafani. Duwatsu ne aka naɗe cikin tsummokara aka jera.

"Miƙo mini in shafa, Alhaji," in ji Hajjo, don idonta ya yi rauni.

Ya mayar da murfin, ya ce mata ta dakata tukuna.

Washegari ya ɗauki akwatin sai Funtua, wajen Malam Sabo, ejan ɗin da ya yanka masa tikiti. Sabo ya leƙa ciki ya girgiza kai.

"Wannan ba hurumina ba ne, Alhaji. Ni mutane nake turawa, ba kaya ba. Ka je ofishin kamfanin a Kano."

Ya je. Ya wuni a kan benci kafin wani akawu mai farar riga ya kira shi. Isyaku ya zayyana masa komai.

"Me ya hana ka buɗe tun a filin jirgi?"

"Kwaɗo na rufe, in zargi wa?"

Akawun ya ce kamfani ba ya duba abin da ke cikin kaya, da nauyi yake biyan diyya. Ya sa aka ɗora akwatin bisa sikeli, ya duba, ya ɗago kai.

"To ai nauyin bai ragu ba, Alhaji. Yadda ka ba mu haka muka ba ka."

"Duwatsu na ba ku?" Muryar Isyaku ta cika ofishin. "Na bar gonata, na haye teku, don in kwaso wa uwata duwatsu? Wanda ya sace ya san da sikelinku, shi ya sa ya cika! A cikinku yake!"

"Alhaji, rage murya."

"Ban ragewa! Likkafani fa! Tufar da za a sa tsohuwa a kai ta kabari!"

Ya kife akwatin a kan teburin. Duwatsun suka zube, kwalbar tawada ta fashe, masu gadi suka ruƙo shi suka turo waje. Ko akwatin bai waiwaya ba.

A gida maƙwabcinsa Manu ya ce, "Ka yanko alawayyo a kasuwar Funtua ka ba ta mana. Ba gani take ba."

"In haɗu da ɓarawo mu cuce ta mu biyu?"

Ya shiga ɗakinta ya durƙusa ya faɗa mata gaskiya. Hajjo ta ce, "Allah ya isa." Ba ta sake ta da zancen ba.

Isyaku kam bai huce ba. Da lokacin biyan kujera ya zagayo, ya tafi Funtua ya shimfiɗa buzu a ƙofar shagon Sabo. Duk maniyyacin da ya zo sai ya tare shi ya ba shi labari tun daga farko. Wasu suka juya suka nemi wani ejan.

Sabo ya fito yana haɗa hannu. "Alhaji, don girman Allah, kana kashe mini kasuwa."

"Ba hurumina ba ne," in ji Isyaku, ya gyara zama.