Hoton Baban Alhaji

"Ba zan rubuta ba, Alhaji."

Hamdiyya ta rufe littafin, ta ɗora biro a kai. Alhaji Balarabe ya tsaya a kanta yana gyara babbar riga.

Wata uku ke nan tana wannan aikin sa kai a Riruwai. Duk Asabar takan tara mutane a harabar makarantar Alhaji, inda take koyarwa, a tattauna ɗiban gwamna, zamanin da Turawa ke kwasar mutane da ƙarfi su tura su haƙar kuza. Sunayen waɗanda aka ɗiba take tattarawa, don ranar da za a nemi diyya. Kujerun taron na Alhaji ne, rumfar tasa ce, albashinta ma daga aljihunsa yake fitowa. Yau kuma so yake a sa mahaifinsa, Ɗanasabe, a lamba ta ɗaya.

"Ƙa'idar taro ce, Alhaji," in ji ta. "Sai dattawa biyu sun shaida."

"Shaida kike so?"

Ya zaro wani tsohon hoto daga aljihu, ya miƙa wa Malam Wada, dattijon da idonsa ya yi rauni. Malam Wada ya riƙe shi a juye, ya ce Allah ya jiƙan maza, ya miƙa gaba. Hoton ya zaga har ya iso hannun Inna Luba, wadda ta girmi kowa a wurin. Ta kai shi dab da hancinta. Ga Bature da hular kwano, ga wani ƙato kusa da shi cikin gajeren wando, ya turo ƙirji.

"Wannan ai Ɗanasabe heluma ne, shugaban lebura," in ji ta. "Ga ma bulalar nan a hannunsa."

"Sanda ce, Inna. Ciwon ƙafa gare shi."

"Sandar da ke lanƙwasa? Balarabe, ni ce mai shafa wa babanmu man shanu a baya in ya dawo daga rami. Na san aikin wannan sanda."

Malam Wada ya yi gyaran murya. "Malama, ina da tambaya. Tunda Ingila da nisa, ba za mu fara karɓar diyyar daga nan kusa ba?"

Dariya ta ɓarke har ɓangaren mata. Alhaji ya sunkuyo wajen Hamdiyya, ya rage murya.

"'Yata, layi ɗaya ne fa. Ki tuna inda kike aiki."

"Ina tune, Alhaji. In ka matsa zan rubuta shi, amma a shafin baya, na masu ɗiban mutane, tare da Baturen."

Alhaji ya ɗago. Da hannunsa ya fara tattara kujeru, mutane na miƙewa ɗaya bayan ɗaya suna ba shi. Malam Wada ne kawai ya ƙi tashi, wai bai ji an rufe taro da addu'a ba. Da Alhaji ya nemi hotonsa, Inna Luba ta ce ta tsufa, ta manta inda ta sa. Alhali yana ɗaure a bakin zanenta.

Asabar da ta biyo, a ƙofar gidan Inna aka zauna, a kan tabarmi da buhunan taki. Mutanen da suka zo sun ninka na da, yawancinsu don su ga bulalar da ke hoton. Kafin a bari mutum ya gani, sai ya faɗi sunan kakansa, dattawa sun shaida. Hamdiyya ta cika shafi huɗu.

Da aka watse Inna Luba ta dube ta. "Ke kuma jikata, makarantar fa?"

"An sallame ni tun Litinin, Inna. Albashin watan ma bai fito ba."

Hamdiyya ta karkaɗe tabarmar, ta naɗe, ta sa littafin a jaka.