Katin Toka

Likita ya ɗaga leɓen kyanwar da babban yatsansa, ya ga fiƙa huɗu cif, farare tas. Ya saki leɓen, ya goge gilashin idonsa da gefen riga, ya sake ɗagawa. Suna nan su huɗun. Shi kuwa da hannunsa ya cire wa Toka fiƙar sama ta hagu shekara huɗu da suka wuce, har ta bar masa tabo a wuyan hannu don kada ya manta.

"Yaya, Likita? Tsohuwar tawa tana nan da sauran kwana?" in ji Baba Mai Agogo daga kan benci. Ya ɗora haɓarsa a kan sanda, baƙin gilashi ya rufe masa ido. Tun da aka yi masa aikin ido watan jiya aikin bai karɓa ba, haske da duhu kaɗai yake bambancewa.

"Bari dai in gama, Baba."

'Yar autar tsohon tana tsaye a bakin ƙofa, rungume da kwandon da suka kawo kyanwar a ciki. Da suka haɗa ido da Likita sai ta girgiza kai a hankali, ta haɗa tafukanta biyu a kan kwandon.

Likita ya ci gaba da aikinsa yadda tsohon likitan da ya gada ya koya masa: daga hanci zuwa wutsiya, kuma ba a buɗe kati sai hannu ya gama faɗin nasa. Ido garau. Kunne ba tsaga, alhali na Toka na dama a tsage yake tun tana ƙarama. Ya shafa ciki, ba tabon aiki. Ya sa abin sauraron ƙirji. Zuciyar Toka ya san ta kamar tarin maƙwabci, tana da wani ɗan huci tsakanin bugu da bugu, wanda saboda shi take shan ƙwaya ɗaya kowace safiya. Wannan zuciyar kuwa gudu take yi sumul. Launin toka ne dai, da farin tabo a ƙirji. Duk wanda ya nemo ta ya sha yawo.

Sannan ya buɗe katin. Kati uku ne aka haɗa da ƙusar takarda, gefensu ya yi laushi saboda shekara goma sha huɗu na shiga da fita durowa. Shafin farko rubutun tsohon likita ne, mai kwanciya gefe guda. A layin mai dabba akwai sunan matar Baba, an ja masa layi ɗaya bara, an rubuta "mijinta" a sama. Haka dokar ɗakin take, ba a gogewa, ba a shafawa. A ja layi ɗaya yadda kuskuren zai karantu, a sa hannu a gefe.

Idonsa ya sauka a layin ƙarshe, rubutunsa ne, na mako uku da suka wuce: "Tana nan lafiya. A ci gaba da magani."

Ya tuna ranar. Ɗakin jira ya cika, wani kare da mota ta buge yana kan tebur, Auta ta leƙo ita kaɗai ta ce maganin Toka ya ƙare. Ya tambaye ta yaya take, ta ce lafiya, ya rubuta a tsaye. Bai ga dabbar ba. Ashe ranar da ya rubuta tana nan lafiya, ba ta nan. Kuma ƙwayar da ya bayar, ta tsohuwar zuciya mai rauni, mako uku ke nan ana ɗura wa lafiyayyar 'yar kyanwa.

"Malama, zo ki riƙe min ita a sikeli. Yana ɗakin ciki."

"A auna ta da kyau," in ji Baba. "Kwanan nan ci take yi kamar ta dawo daga kurkuku."

Suna shiga Likita ya tura ƙofa. Ya ɗora kyanwar a sikeli, ya jira allurar ta tsaya. Auta ce ta fara magana, murya ƙasa ƙasa.

"Kwanan Baba huɗu a asibiti Toka ta mutu. Da safe na same ta a kujerar Mama, ta naɗe kamar mai barci. Na binne ta a gindin bishiyar tsakar gida. Likita, ranar aka gaya mana idon ba zai dawo ba. In shiga in ce masa me? Bara Mama, bana ido, ga kuma wannan? Ita kaɗai ta rage da yake wa magana da safe."

"Maganin fa? Wa yake ba ta?"

"Shi. Ba ya yarda kowa ya taɓa. Kullum bayan ya karya."

"Kullum?"

"Kullum. Ai 'yar ƙaramar ƙwaya ce, na ɗauka ba za ta yi komai ba." Ta dubi fuskarsa, sai tata ta canza. "Za ta yi?"

"Tana iya lalata mata ƙoda. Dole in ɗebi jini. Kuma daga yau an daina."

"To ka ce masa ta warke. Ka rubuta a katin ta warke, shi ke nan. Don Allah ka rufa min asiri."

Likita ya dubi kyanwar. Ya ja fatar wuyanta ya saki, ta koma nan take. Ya sake duba dasashinta, ja ne mai kyau. Jikin da ya sha wannan magani mako uku bai kamata ya yi kyau haka ba, abin ya ɗaure masa kai. Amma ba wannan ne ya fi damunsa ba. Kati ba na mai dabba ba ne, ba kuma na likita ba. Na dabbar ne, domin ita ba ta da bakin da za ta ce an taɓa yi mata kaza, ko kaza ba ya karɓar ta. Idan ya rubuta wannan a kan katin waccan, wata rana yana hutu wani likita zai buɗe, ya ga shekara goma sha huɗu da ciwon zuciya, ya yi aiki da abin da ya gani. Idan kuma ya ƙi, ga tsoho can a benci yana jiran labarin tsohuwarsa.

"Ba zan faɗa masa ba," ya ce. "Ba nawa ba ne. Amma ba zan rubuta a wancan katin ba."

"Ai kana karanta masa duk abin da ka rubuta."

Gaskiya ne. Tun idon tsohon ya fara rauni Likita ya saba karanta masa kowane layi da ƙarfi, shi kuma yana gyaɗa kai kamar mai duba aikin ɗalibi.

"Mu je dai," ya ce.

Suka dawo. Kyanwar ta zille daga hannun Auta, ta yi tsalle ɗaya ta dira a cinyar Baba. Ya sa hannu a ƙarƙashin ƙirjinta.

"Auta, na baro hulata a mota. Sanyin fankar nan yana shiga min kai."

"Baba, ai da hular ka fito? Ban gani ba."

"To ki je ki duba mana. In ba ta nan sai ki dawo ki ce na tsufa."

Ta fita tana waiwaye. Tsohon ya saurari takunta har ƙofar waje ta rufe. Sannan ya laluba aljihun rigarsa, ya fito da wani ɗan gwangwani mai faɗi, irin wanda masu gyaran agogo ke tara ƙananan kusoshi a ciki. Ya miƙa shi wajen da yake jin numfashin Likita.

"Buɗe."

Ƙwayoyi ne farare a ciki, an jera su a kan auduga.

"Ashirin da shida ne, har da ta yau," in ji Baba. "Ba ta sha ko ɗaya ba. Nakan buɗe mata baki dai, in shafa maƙogwaro, saboda Auta tana kallo daga kicin."

Likita ya zauna a kan kujerarsa ba tare da ya yi niyya ba. Ya ji wani nauyi ya sauka daga kafaɗarsa, har ya kusa yin dariya.

"Tun yaushe, Baba?"

"Tun ranar da na dawo. Ina zama ta yi tsalle ta hau ni. Toka rabonta da tsalle shekara biyu, sai an ɗora ta kamar amarya. Na ce to, ƙila murna ce. Sai na sa hannu a nan." Ya danna ƙirjin kyanwar a hankali. "Ɗana, shekara arba'in ina kara agogon mutane a kunne. Toka tsohon agogo ce, tana ja da baya. Wannan ko daga kwali aka fito da ita."

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Yarinyar nan kwana nawa ta yi tana yawo kafin ta samo mai farin ƙirji? Maƙwabciya ta ce min har unguwar bayan tasha ta je. Wanda ya yi maka wannan wahalar, ka ce masa ba ta yi ba?" Yatsunsa suna bin bayan kunnen kyanwar, wurin da tsagar ya kamata ta kasance. "Abu biyu ya kawo ni. Wannan baƙuwar a yi mata allurarta, a buɗe mata katinta, kada ta zauna da sunan wata. Na Toka kuma a rufe shi. Matata ce ta buɗe shi, ba na so ya zauna a durowar masu rai. Ka rubuta ranar." Muryarsa ta ɗan sauka. "Wace rana ce? Ta sha wuya?"

Likita ya buɗe baki. Amsar tana kan harshensa, kujerar Mama, naɗewa kamar mai barci, gindin bishiya. Minti biyar da suka wuce aka ba shi ita. Zai iya miƙa wa tsohon, ya tafi gida da sanyin zuciya, 'yar ta tafi da asirinta, kowa ya ci gaba da buɗe wa kyanwa baki da safe. Ya dubi layin ƙarshe na katin.

"Baba, sau ɗaya na rubuta abin da ban gani ba a katin nan, ga shi yana kallona. Ba na nan ranar. Wadda take nan ita ta sani."

"Kai ma dai da taurin kai, kamar wanda ya koya maka."

"Ni ba zan ce mata komai ba. In kana so yau in rubuta in yi shiru, zan yi shiru."

Tsohon ya rufe gwangwanin, ya mai da shi aljihu.

Auta ta shigo hannu wofi. "Babu hula a mota, Baba."

"To na tsufa."

Likita ya ɗauki biro. Ya ja layi ɗaya a kan "Tana nan lafiya. A ci gaba da magani," ya rubuta a gefe "ban ga dabbar ba," ya sa hannu da kwanan wata. Ya jawo durowar sama ya zaro sabon kati, mai ƙarfi, wanda gefensa ke iya yankan yatsa. Auta ta gani, ta dafe bango. Ya yi ta rubutu, ba a jin komai a ɗakin sai tafiyar biro da gurnanin kyanwa da wani kare da ke haushi a ɗakin jira. Ya gama, ya ajiye biron, ya yi shiru kamar yadda ya yi alkawari.

Baba ya juya kunnensa wajen tebur. Ya daɗe a haka.

"Likita, yau ba za ka karanta mana ba ne?"

Likita ya dubi Auta, sannan ya ɗaga katin.

"Kyanwa, mace, launin toka da farin ƙirji. Kimanin shekara ɗaya da rabi. Haƙora cikakku. Zuciya lafiya. Ba ta shan kowane magani. Suna..." Ya tsaya. "Layin suna babu komai."

Auta ta toshe bakinta da gefen mayafi. Kafaɗunta suka fara rawa.

"Zo nan, Auta," in ji tsohon, yana buga benci a gefensa. "Ke kika sha rana kika nemo ta, ke za ki raɗa mata. Amma ki fara gaya wa Likita ranar, yana da kati da zai rufe. Ni ma ina so in ji."

Ta zauna. Ta faɗi ranar, Likita ya rubuta. Sai ta juya ga mahaifinta ta fara ba shi labarin kujerar, a hankali, yana gyaɗa kai, hannunsa ɗaya a kan kyanwar, ɗayan yana laluben nata.

Likita ya kai katin Toka durowar ƙasa. Ya leƙa ɗakin jira ya ce wa mai karen ya ƙara haƙuri kaɗan. Da ya dawo ya fasa kwalbar allurar rigakafi, ya bar sabon katin a kan tebur da biro a kansa.