A Cire Biyu

Shekara biyu ina zaune a teburin bakin ƙofar makarantar Malam Koteswara, a bene na uku, saman mai suyar wainar dosa, a unguwar Ameerpet. Aikina in ɗaga waya, in buga takardu, in ce wa duk wanda ya leƙo, "Akwai gurbi, amma saura ɗaya." Ɗaki biyu ne da banɗaki. A allon waje kuwa an rubuta cibiya ce ta duniya. Akwai na'urar raba intanet a akwatin gilashi, tunda na zo ban ga an jona ta da wuta ba, amma duk shekara ranar bautar kayan aiki sai an shafa mata kurkum an rataya mata furanni.

Ban taɓa biyan kuɗin aji ba. Ƙofar ajin ce ba ta rufuwa da kyau. Ta wannan tsagar na koyi subnetting, wato yanka adireshin kwamfutoci unguwa-unguwa. A yatsu takwas nake yi, a cikin bas, 128, 64, 32, har zuwa ɗaya, matan kusa da ni su ɗauka addu'a nake. Dokar ba wuya. Duk unguwar da ka yanka sai ka cire biyu: adireshin farko sunan unguwar ne, na ƙarshe na shela ne. Ba a ba kwamfuta ko ɗaya a cikinsu.

Ɗaliban ba sa wannan wahalar. Su dump suke sha, takardar tambayoyin da waɗanda suka shiga jarrabawa suka haddato suka fito da su, an jera amsoshi a gefe. Lamba goma sha huɗu, C. Lamba talatin, A. Ni nake buga musu, amma ban taɓa karantawa ba. Na ɗauka wanda ya iya lissafi ba ya buƙata.

Duk shekara Malam yana biya wa mutum ɗaya tikitin babbar jarrabawa, wanda ya zo na ɗaya a gwaji. Albashina ba zai taɓa sayen wannan tikitin ba, kuma in babu shi babu aikin kwamfuta. Na roƙa ya bar ni in zauna gwajin. Ya yi dariya har tabaransa ya zamo.

"Zauna mana, Padmaja. Amma in waya ta yi ƙara ki tashi."

Sau biyu ta yi ƙara. Na tashi na dawo.

Ran Litinin aka manna sakamako. Lokesh arba'in da takwas, ni arba'in da bakwai. Lokesh shi ne mai zuwa aji da igiyar katin shaida a wuya, ta wani kamfani da yayansa ya bari. Kafin azahar an rataya masa furanni, an ɗauke shi hoto don allon waje.

Na duba takardata. Tambaya biyu aka soke mini masu kama ɗaya: unguwa mai adireshi 64, kwamfuta nawa za ta ɗauka? Na rubuta 62. Dump, wanda da shi aka duba gwajin, ya ce 64.

Na shiga ofis, Malam yana shan shayi a faranti.

"Yallaɓai, ba a cire biyu ba."

"A ina?"

Na ajiye masa takardata. Ya kalla, ya daɗe. Na ga leɓensa yana motsi. Ya san lissafin sarai, shi ya sa abin ya fi min ciwo.

"Wa ya koya miki?"

"Kai ne, Yallaɓai. Ran Talata. Har ka buga tebur."

"Wannan a aji ne. Jarrabawa daban."

"To a jarrabawa kwamfutocin matsawa suke yi wa juna?"

"Ke! Mutum ɗari huɗu sun ci da wannan takardar. Wasu suna Dubai yanzu haka."

"Allah ya tsare Dubai."

Ya ajiye farantin. Ya ce an riga an sanar, an yi hoto, uban Lokesh ya aiko da alewar laddu, ni ma na ci. Gaskiya ne, na ci biyu. Ya ce in an gyara sai na zama arba'in da tara, Lokesh arba'in da shida, to me zai ce wa iyayen da suka biya? Cewa mai ɗaga waya ta doke 'ya'yansu ta tsagar ƙofa?

"Baɗi, 'yar nan. Ki yi haƙuri. Kina da basira." Ya miƙo min farin ruwan goge rubutu. "Gyara biyun nan a dump ɗin, ki buga kwafi sittin kafin ajin yamma. Kada ki tayar da zancen."

Na gyara. Na buga. Na jera, na danna musu ƙusa.

Ran Alhamis Lokesh ya tsaya a teburina, jarrabawarsa gobe, ya fasa kwakwa a wurin bauta, jan ɗigo a goshi. Tsohuwar takarda a hannun dama, sabuwa a hagu.

"Yaya Padmaja, don Allah. Wannan ta ce 64, wannan ta ce 62. Malam ya tafi biki, ba ya ɗaga waya. Wacce zan bi?"

Ba mugun yaro ba ne. Minti biyu ya isa in nuna masa a yatsu.

Na ce, "Bi wadda ta ba ka tikiti."

Ya yi godiya, har da haɗa hannu.